Wata Talatin da Biyar na Sohibjon

Shekara goma sha huɗu ina zaune a tagar asibitin masu shaye-shaye a birnin Khujand, ina buga hatimi. Yawancinsu 'yan sanda ke kawo su, ko uwa ta jawo ɗanta tana kuka. Sohibjon da ƙafarsa ya zo.

Direban bas ne, mai 'ya'ya uku. Ciwon baya ya kai shi ga allura, allura ta riƙe shi. Ya sa rigar zuwa biki, ya miƙo min fasfo da hannu biyu. Masu wayo ta ƙofar baya suke bi, su biya, su ba da sunan ƙarya. Shi bawan Allah har lambar gidansa ya gyara min.

Da sunansa ya shiga rajista aka karɓe lasisinsa. Sai ya yi shekara uku fes, yana zuwa duk wata a gwada fitsarinsa, kafin a ba shi takardar komawa tuƙi. Ya koma dakon buhunan albasa a kasuwa. Duk ranar biyar ga wata zan gan shi da 'yar kwalbarsa.

"Yaya Gulbahor, ga shayinki na kawo, da zafinsa."

"Allah ya shirye ka. Sa hannu nan."

Sau talatin da biyar muka yi haka. Ana saura wata ɗaya mahaifiyarsa ta rasu a ƙauyensu, can cikin duwatsu. Shi ne babban ɗa, dole ya zauna karɓar gaisuwa har sadakar arba'in. Bai zo ba.

Da ya dawo na kai fayil ɗinsa wurin likita. Ko ɗaga kai likitan bai yi ba, ya ce wanda ya tsallake wata ya koma farko. Na ce rasuwa ce. Ya ce babu gurbin rasuwa a takardar.

Na faɗa wa Sohibjon. Na zaci zan ji wani abu a raina, ban ji komai ba. Shi ma bai yi faɗa ba, ya ajiye kwalbar, ya sa hannu a layin wata na ɗaya.

Har ya juya, sai ya dawo.

"Yaya, ƙanena ma ya fara allurar."

"Kawo shi tun da wuri."

"Nan?" Ya dubi hatimin da ke hannuna. "Shi ke tuƙa bas ɗin yanzu, shi ke ciyar da mu. Na sa ya rantse da kabarin Inna ba zai taɓa zuwa ba."

Na kira na bayansa a layi.