Yadda na shanye furar dangi daga Gazawa zuwa Maradi

Gazawa

Muna idar da sallar asuba muka nufi tasha, ni da Barira, 'yar ƙanwata. Za ta sake zama jarrabawar shiga makarantar likitanci a Maradi, wadda 'yan lakol ke ce wa konkur. Bara ta yi ba ta samu ba, kuma ba rashin karatu ne ya kayar da ita ba. Dangi ne. Duk gidan da aka tsaya gaisuwa a hanya sai an miƙo mata ƙwaryar fura haɗe da albarka, yarinya kuwa ba ta mayar wa babba da ƙwarya. Washegari tana tsakiyar rubutu cikinta ya murɗa, ta fito ba ta koma ba.

Shekara guda ta yi tana bita a gindin dogon yaron gidansu, har awaki suka saba da ita. Mahaifinta ya ce bana ce ta ƙarshe. In ba a dace ba, ta haƙura ta nemi wani fannin.

A bakin mota uwarta ta ja ni gefe. "Yaya, ban da burodi da ruwan leda kar ta sa komi a baka. Kuma kar ka ɓata ma kowa rai."

Na ce a raina, gaba kura baya sayaki.

Agye

Motar ba ta cika ba sai da rana ta fito. Jandarma suka duba katunanmu a shinge, muka wuce lafiya. A Agye direba ya tsaya lodin buhunan wake, ya ce duk mai uzuri ya yi sauri. Uzurinmu Gwaggo Indo ce, yayar mahaifin Barira, wadda in ka wuce ba ka gaishe ta ba labari zai riga ka isa gari na gaba.

Ba mu gama gaisawa ba sai ga ƙwarya, damu mai kauri, ta dire ta gaban Barira. Nan dabara ta faɗo mini. Babba ne ke fara sha ya rage wa yaro, haka muka taso muka gani. Na miƙa hannu na ce bismillah. Na kafa kai, ban ɗago ba sai da na ga gindin ƙwarya.

Indo ta riƙe haɓa. "Malam Sale, yunwa aka yi Gazawa?"

"Hurarki ce, Indo, ba ta sakin mutum."

"To bari in dama wata, ɗiyata ba ta tahiya haka."

Allah ya yi wa direban nan albarka, a daidai lokacin ya danna oda. Muka fito da gudu, ciki yana yi mini ƙugi kamar tulu a kan jaki.

Cadawa

Ran kasuwa muka tarar, amalanke da tumaki sun toshe hanya. Na ɗauka mun tsira tunda ba za mu sauka ba. Ashe Inna Jebu, Bafulatanar da iyalinta ke kiwon shanunmu, ta ji labarin tafiyar. Tana tsaye a bakin titi da kindirmo, ta zuro ƙwaryar ta taga.

"Wanga na likita ne," in ji ta, tana harara ta. "Ba naka ba ne."

Barira ta karɓa da hannu biyu, ta kai bakinta, ta taɓa leɓe kawai. Sannan ta juyo gare ni.

"Kawu, albarkar Inna ta yi mani yawa ni ɗaya. Kama mani."

Na kama mata har ƙasa. Inna Jebu ta karɓi ƙwaryarta ta leƙa ciki. "Allah shi ba ki sa'a, ɗiyata. Kai kuma Allah shi ƙara ma ciki."

Maradi

Da azahar muka sauka a gidan wani tsohon abokina tela. Shi na gaya masa gaskiya, don aboki ana iya faɗa masa abin da ba a faɗa wa dangi. Ya yi dariya har da hawaye, ya sa aka kawo wa Barira shayi da burodi. Da la'asar muka hau kabu-kabu muka je muka ga ƙofar zauren jarrabawar, don kada a yi lalube da safe.

Da safe ta shiga. Na zauna cikin iyaye a inuwa, daura da teburin mai shayi. Duk lokacin da ƙofa ta motsa sai in miƙe in leƙa. Can da hantsi abin da ya same ta bara ya same ni. Ban ƙirga sawun da na yi zuwa bayan masallaci ba. Kowane dawowa sai in tambayi mai shayi, "Wata doguwa mai shuɗin hijabi ta hito?"

"Ba ta hito ba, baba."

Ban taɓa jin magana mai daɗi kamar wannan ba.

Tana cikin na ƙarshen fitowa, yatsunta duk tawada. "Kawu, na kai ƙarshen takarda!" Sai na ji idona ya cika, ban kuma ji kunyar kowa ba. Ta dube ni a duƙe, ta gane. Ta karɓi sukari da ɗan gishiri wurin mai shayi, ta kaɗa mini a ruwa.

"A hankali, Kawu. Wannan ba a kafa mashi kai."

Komawa

Washegari muka juyo. A Agye Indo na hango ni ta ɗaga murya, "Ku ɓoye hura, ga shi nan tahe!" Wannan karon Barira ta sha ta ƙoshi, ni ko ludayi ban taɓa ba. Da magariba muka shiga Gazawa.

Ana cikin girbin gero sakamako ya fito, da sunanta a ciki. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na kuma gode wa tela mai masauki da direba mai oda. Yanzu Indo na bi gida-gida tana cewa albarkar furarta ce ta kai yarinyar. Ban taɓa musa mata ba. Ni dai na san hanyar da albarkar ta bi.