Jakar Abokina Zuwa Bukkuyum

Mun tashi da asuba daga makarantar da nake koyar da lissafi a wani tsibiri na ƙasar Filifin, ni da direba da jakunkuna biyu. Ɗaya tawa, ɗaya ta abokin aikina, ɗan Bukkuyum, malamin kimiyya. Mu kaɗai ne Hausawa a garin. Yanzu saura ni.

Da rediyo ya yi shelar guguwar teku na tafe, dariya muka yi ni da shi, wai wanda ya ga iskar farkon damina a Gummi me zai ba shi tsoro. Ashe ba mu ga komai ba. Tun da hantsi gari ya yi duhu, ruwa na gudu a kwance, bishiyoyin kwakwa na sunkuyawa har ƙasa. Muka tara ɗalibai a ɗakin taro. Da aka ce wasu sun maƙale a ɗakin kwana, bai tsaya shawara ba, ya fita. Ya koro su gabansa lafiya, sai kwanon rufi ya taso ya same shi a wuya. A kan cinyata ya cika.

A hanyar filin jirgi, turakun wuta duk a kwance. Na ga kwalekwale a kan rufin shago, mata na shanya jiƙaƙƙiyar shinkafa a kan kwalta. Ruwan sha ya fi fetur tsada, amma wata tsohuwa ta miƙo mana dafaffiyar ayaba, ta ƙi karɓar komai.

Da jirgi ya sauke ni a Sakkwato, na shiga motar Gummi. Ramukan hanya na nan yadda na baro su, sun ma hayayyafa. Direba na ta sauri kada la'asar ta riske mu a daji. A tasha na sayi fura da nono, abin da muka daɗe muna kwaɗayi ni da shi, na ajiye ban sha ba.

Washegari na isa Bukkuyum. Labari ya riga ni ta waya. Na sami Innarsa a kan tabarma tana ɓarar wake. Na ajiye jakar, ko kallonta ba ta yi ba. Ta tambayi wanda ya yi masa wanka, na ce ni ne, da wasu 'yan kasuwa Musulmi na garin, kuma a maƙabartarsu muka rufe shi.

"Ɗana, alƙiblarsu irin tamu ta?"

Na ce a'a, Inna, su suna gabas da Makka, yamma suke fuskanta.

Hannunta cikin kwaryar wake, ta ce:

"To, in ni tsaya salla ina duban gabas, shi ko yana duban yamma, muna duban juna ke nan. Alhamdu lillahi."

Nan na yi kukan da ban yi ba a tsibirin, ita ce ma take ba ni haƙuri.

Kafin magariba na dawo gidanmu a Gummi. Na koyi cewa mutum na zaɓen inda zai nemi abinci, amma ba ya zaɓen ƙasar da za ta rufe shi. Zan koma idan an gyara rufin makaranta. Akwai kabarin da ba mai ziyartarsa sai ni. Allah Ya jiƙansa.