Ranar da Hannuna Ya Ƙi Riƙe Muciya

Ke da kike cewa "in ba ni ba, babu mai iyawa", ajiye abin da ke hannunki ki karanta. Na yi shekaru ban ba kowa labarin nan ba, saboda kunya. Yau zan faɗa, ko wata ta tausaya wa jikinta.

Lokacin da acaɓa ke cike da titunan Jos, ina da mata shida muna girkin biki a Kwararafa. Ni ce mai cefane, ni ce mai awon shinkafa, ni ce mai ɗanɗana gishiri. Kayan yaji kuwa a ɗaki nake haɗawa, ƙofa a rufe. Ina kiran wannan tsari, alhali rowa ce da son a ce ni.

Wata biyu ƙeyata na sarawa. Sai in haɗiyi ƙwaya, in tamke kallabi, in koma bakin murhu.

Wata Laraba, saura kwana uku bikin 'yar maƙwabcinmu, muciya ta suɓuce daga hannuna na dama. Na sunkuya zan ɗauka, yatsu suka ƙi. Ladi, 'yar unguwar Jos Jarawa da ta fi kowa daɗewa a wurina, ta ce, "Mama, bakinki ya karkace."

Na so in ce mata nata ne ya karkace. Abin da ya fito ba magana ba ce.

Ita ta tare mota ta kai ni asibiti. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai, ana zuwa awon jini kamar ana bin sahu. Likita ya ce, "Hajiya, hawan jini ne ya taɓa ɓarin jikinki. In ya sake hawa cikin kwanakin nan, hannun nan ba lallai ya dawo ba."

Na ji tsoro. Amma ku ji rashin hankali: rabin zuciyata na kan buhunan shinkafa uku da ke jingine a zaure.

Ranar Alhamis matan suka cika bakin gadona. Wannan na tambayar mudu nawa, waccan na cewa mai nama bai zo ba. 'Yata Bilkisu, da ta zo daga gidan mijinta, tana cewa kowa ya saurare ta. Nas ta auna ni, ta juya gare su.

"Nan asibiti ne ko kasuwar Taminus? Jininta ya ƙara hawa. Ku fita!"

Da suka fita na kalli hannun, yana kwance a kan bargo kamar na wani. Na gane ko dai in saki aikin, ko in rasa hannun.

Na sa aka dawo da Ladi da Bilkisu. Da ƙyar na haɗa kalmomi: "Ladi ce gaba. Abin da ta ce, ni na ce."

"Umma, ina tsaye?" in ji Bilkisu.

"Kin taɓa dafa buhu?"

Ba ta taɓa ba. Shugabanci ba gado ba ne, kuma ranar tashin hankali ba ranar lallashi ba ce.

Sai na fara lissafa wa Ladi haɗin yajin, harshe na harɗewa, ji nake kamar ina ba da wasiyya. Ta bari na kai citta, ta ce, "Mama, huta. Shekara takwas ni ke kai shi niƙa, ai ina da hanci. Kanumfarin ma yana yi miki yawa."

Da bakina na nan daidai, da ta ji.

Ladi ta ba kowace mace tukunya ɗaya, ta ce mai tambaya ta zo wurinta, mai zuwa asibiti ta zo da gaisuwa kawai. Bilkisu kuwa, Ladi ta ba ta tarbar masu biki. Maigidana ya ƙwace wayata ya sa a aljihu.

Asabar ta yi mini tsawo. Na juya dama, na juya hagu, hancina na jiyo ƙaurin shinkafar da babu ita. Da la'asar Ladi ta shigo da kula. "An ci, an ƙoshi, har an yi guzuri."

Na ci da hannun hagu. Gishiri ya ɗan gaza. Na haɗiye ban ce komai ba, kuma a duk jinyar babu maganin da ya kai wannan ɗaci.

Kwana goma sha biyu na yi a gado, sannan wata biyar ina zuwa gashi, ina matsa ƙwallon roba kamar ɗan yaye. Hannun ya dawo, sai ƙaramin yatsa da har yau yake da taurin kai.

Na gode wa Allah, na gode wa likitan da nas ɗin da ta kori jama'ata. Ladi, Allah Ya saka miki.

Ku kuma, ciwon kan da ya wuce mako ba na gajiya ba ne, ku je a auna ku. Wanda aka ɗora wa magani ya sha kullum, ko ya ji garau.

A gidana yanzu doka ɗaya ce, kuma har maigida ta hau: duk aikin da ka iya, sai ka koya wa mutum na biyu kafin wata ya ƙare. Wanda ya ƙi, a karɓe aikin daga hannunsa tun yana da lafiya.