Mai Tsayuwa a Waje

Duk abin da zan manta a aikin kamfani, ban da wata ranar Laraba a ƙarshen shekarun saba'in, ina sabon shiga wani kamfanin jimar fata a Challawa. Ku da kuka zo da takardar sakandare a aljihu ba za ku san wuyar da muka sha da Turanci ba. Ni daga wajen Ringim na taho, daga gona, ko "zo in kashe ka" ba na ji.

A wancan zamani lebura ake fara ɗaukar mutum, na gwaji. In watannin gwajin suka cika, ko a mayar da kai ɗan dindindin, ko a ce ka kama gabanka. A saman lebura akwai helma, wato shugaban leburori, sannan foman, sannan manajan aiki. Namu manajan wani Ba'indiye ne da muke kira Mai Agogo, don ko gaisuwa yake amsawa idonsa na kan tsintsiyar hannunsa. Ba ya jin Hausa, ba ya kuma dariya.

Helmanmu, Malam Ilu, shi ne malaminmu na Turanci. Ya taɓa yi wa wani Bature dakon kaya, saboda haka a wurinmu ya gama sani. In an tashi cin abinci sai mu kewaye shi a gindin darbejiya, muna cin garau-garau yana ba mu karatu. A wurinsa na koyi "come here" da "hurry up" da "switch off". Yana da wata dabara da yake ji da ita. Yakan ce, "Turanci rake ne, gaɓa-gaɓa ake shan sa. Kalma in ta yi maka tsawo, karya ta biyu. 'Gate' ƙofa, 'man' mutum, ka ga maigadi ya fito. 'Store' sito, 'keeper' mai tsaro. To, me ya rage?" Kuma wallahi dabarar tana ci, har mun fara jin kanmu.

Ni a sashen jiƙo nake, inda ake zuba ɗanyun fatu a manyan ganguna da ruwan magani don gashi ya zube. Wanda bai shiga ɗakin nan ba bai san wari ba. Wani lokaci sai ƙirjina ya toshe, in na gama loda ganga sai in leƙa bakin ƙofa in sha iska, in dawo.

Ranar da nake faɗa muku, gwajina saura 'yan kwanaki ya cika. Na riga na ɗauko iyalina daga ƙauye, na kama ɗaki a Na'ibawa, ga jaririya ko arba'in ba ta yi ba. Da hantsi sai ga Mai Agogo yana zagayawa da wani babban baƙo daga Ikko. Da suka zo kaina ya tsaya, ya nuna ni da biro, ya ce wa baƙon, "This one is outstanding." Ya juya ya ce wa foman a turo ni ofis bayan azahar. Suka wuce.

Na ruga wajen Malam Ilu. "Malam, kun ji abin da ya ce?"

Ya ce, "Na ji." Ya cire hula ya sosa kai. "'Out' waje. 'Standing' tsayuwa." Sai ya dube ni. "Sale, sau nawa na ce ka rage leƙen ƙofar nan? Ya ce kai ne mai tsayuwa a waje. A gaban baƙo kuma!"

Inna lillahi! Nan take na ga aikin ya kuɓuce mini. Daga baya kuma raina ya ɓaci. Ni da nake riga kowa zuwa, hannuwana duk sun tsattsage da ruwan magani, a ce ba a ga komai ba sai shan iskata? Na ce zan je in gaya masa gaskiya ko ta ɗaci. Malam Ilu ya ce, "Kai, rufa mana asiri! Da wane Turancin? Haƙuri za ka ba shi." Ranar ba a ci abinci ba. Ya zaunar da ni yana biya mini maganar ban haƙurin da Turanci ina maimaitawa, har ta zauna daram.

Bayan na yi salla na shiga ofis. Mai Agogo na zaune, a gefensa Malam Bashir, akawun ma'aikata, wanda yakan yi tafinta. Ban jira kowa ya buɗe baki ba. Na ƙame na ce, "Sorry sir! No outstanding again!"

Mai Agogo ya ɗago kai, ya ce, "Why not?"

Wannan na gane ta. Sai na juya wajen Malam Bashir na kwararo da Hausa: ranka ya daɗe, a gaya masa wari ne, ƙirjina ke toshewa, ba gudun aiki ba ne, ina da jaririya, na tuba, ko zan mutu a ɗakin nan ba zan ƙara leƙa ƙofa ba.

Malam Bashir ya saki baki yana kallona. Can sai ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na girgiza. Da ƙyar ya iya cewa, "Wa ya fassara maka? Bawan Allah, yabonka aka yi! Cewa ya yi ka yi fice, ka fi kowa. Dindindin za a ba ka, a kuma koya maka injin aske fata. Kai kuma ka zo kana kai ƙarar kanka!"

Ya mayar wa Mai Agogo. Ina tsaye ina jiran a ce to, tunda ka tona, an fasa. Mutumin nan ya dube ni, ya cire tabarau, ya yi ta dariya har da tari. Ya tambaya ko da gaske warin ya kai haka, aka ce masa ya fi haka. Ya ce za a fasa tagogi a ɗakin. An kuwa yi tagogin, amma sai da damina biyu ta wuce.

Da na fito ji na yi kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Na zauna a kan matakala ina ta hamdala, hawaye na zuba, ban ko ji kunya ba.

Na nemi Malam Ilu, aka ce ya ari keke ya fita. Sai wajen la'asar ya dawo, jiƙe da gumi, ya ja ni gefe. "Kada ka damu. Na je Sharaɗa wajen surukina, helma ne a masaƙa. Ya ce ka zo ranar Litinin ka kama aiki."

Na gaya masa yadda aka yi. Sai ya ce, "To, Baturen nawa bai kai ni nan ba."

Saboda haka ku ji da kyau. A aikin nan rashin sani bai kai rabin sani haɗari ba. Kalmar da ba ku tabbatar ba, ku tambaya, ko za a yi muku dariya, don ni da bakina na kusa korar kaina. Amma ban taɓa riƙe Malam Ilu a rai ba. Na yi aiki da masu Turanci kamar ruwa har na yi ritaya, ban ga wanda zai bar aikinsa a tsakar rana ya taka keke har Sharaɗa don kada 'yar wani ta kwana da yunwa ba. Allah ya jiƙansa.