Rabin Haƙorin Turai Yana Ɗakinka, Malam Dikko

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 16 ga Agusta, 1988, Allah ya karɓi ran Malam Dikko mai cire haƙori na Gummi. Labarin bai iso mana Gwashi ba sai bayan kwana huɗu, domin gulbi ya cika ya yanke hanya. Wani makiyayi ne ya tsaya a wancan ƙetare ya ɗaga murya ya faɗa.

Malam, na san ka ne ta dalilin kuskurena. Da haƙori ya hana ɗiyata Turai cin tuwo, na kai ta wurin maƙerin garinmu, kamar yadda innata ta kai ni. Ya sa awartaki, haƙorin ya karye, saiwar ta zauna ciki. Da muka iso gare ka kumatunta ya kumbura har ya rufe mata ido. Ba ka yi mini faɗa ba. Ka yi mata allura, ka ce, "Innar Turai, sai kumburi ya saɓe a taɓa shi. Ki maido ta bayan sati biyu."

Domin ta daina kuka, ka buɗe mana ɗakin nan naka da kake tara tarihin haƙori tun kana aikin asibiti. Muka ga asawaki iri-iri, da gawayi, da furen da mata ke rina baki, da haƙorin Makka na wata tsohuwa, da awartakan maƙera masu tsatsa. Kowanne da takardarsa. Ni da na koyi boko a ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in, na tsaya ina haɗa baƙaƙe, ka jira ni har na kai ƙarshe. Ka roƙi guntun haƙorin da na ƙulle a bakin zane, ka sa shi a kwalba. Ka ce, "Wanga shi ka hana wata uwa yin haka."

Kafin sati biyun su cika ruwa ya tsare mu. Yanzu kumburin ya dawo. Kullum ina zuwa bakin gulbi in duba, in komo in ba Turai ruwan gishiri ta kurkure, yadda ka rubuta mini da manyan baƙaƙe. Maƙwabta suna cewa in koma wurin maƙeri. Na ƙi, Malam, kuma zan ci gaba da ƙi, ko da ban san wa zan kai wa ita ba in ruwa ya janye.

Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Rabi da 'ya'yanka. Ina roƙonku kada ku watsar da kayan ɗakin nan. Rabin haƙorin ɗiyata yana cikin kwalbarsa, rabin yana bakinta.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Mu kuma ya buɗe mana hanya. Amin.

Maimunatu Innar Turai, Gwashi