Ƙullin Kaka da Ƙwan Kififiya

A gidanmu na unguwar Nima, cikin birnin Ankara na bakin teku, Talata ce ranar tatsuniya. Sauran ranaku Kaka Tabawa ba ta da lokacin kowa, tana tsugune gaban murhun banda, tana juya kifin da ta saro wurin matan ƙabilar Ga a bakin teku. Amma ran Talata masunta ba sa shiga ruwa, wai teku na hutawa. Teku ya huta, Kaka ta huta, mu yara kuwa abin nema ya samu. Da an idar da magariba sai a hura ɓawon kwakwa, mu kewaye ta. Har yau in na ji ƙamshin hayaƙin nan sai in tuna da ita.

Kaka 'yar Gobir ce, da ƙafa ta zo Ankara cikin ayarin fataken goro tun tana amarya. Ƙarƙashin gadonta akwai wani ƙulli da ba a taɓawa. Kowace shekara sai ta ce, "Bayan Sallah zan koma gida." Ni kuwa, da take kira maigidanta, kowace Sallah cikin fargaba nake cin tuwo, kada in wayi gari ba ita ba ƙullin.

Wata Talata Kawu Ɗanjuma, mai dako a tashar jiragen ruwa, ya shigo da hularsa cike da wasu ƙwayaye masu laushin ɓawo.

"Mma, ƙwan kififiya ne. Na tono a yashi. Yana daɗi paa!"

Kaka ta leƙa hular, ta kau da kai. "Ba a tukunyata ba. Zauna, ƙaton banza, yau da kai za a yi." Sannan ta gyara zama. "Ga ta nan jiƙe da ruwan gishiri."

Muka ce, "Ta zo ta sha wuta!"

Wai Kififiya a yashi aka ƙyanƙyashe ta, ta rarrafa ta faɗa teku ko waiwaye babu. Ta yi yawo, ta ga ƙasashe, ta girma har bayanta ya yi faɗin tabarma. Ranar da cikinta ya cika da ƙwai, Kaguwa ta ce mata, "Ga tudu nan kusa, zuba mana ki huta." Kififiya ta ce ita yashin da ta fito kaɗai ta sani. Haka ta yi ta iyo, wata ya fito ya faɗi, har ta iso. Ta haƙa rami, ta zuba ƙwanta tana hawaye, ta rufe, ta bar wa Allah amana.

"Kai kuma ka zo da hularka," in ji Kaka. Kawu ya sunkuyar da kai, muka tuntsire da dariya. Bai ƙara tono ba.

Ni dai bakina ba ya shiru. Na ce, "Kaka, in ta iso ta tarar babu yashin fa?"

Ta daɗe tana tona wuta da tsinke. "Sai ta yi ta kewaya a ruwa, maigida, da ƙwanta a ciki. Ba ta zuba ba, ba ta kuma yar ba." Daga nan ta kore mu, ko rufe tatsuniyar ba ta yi ba.

Sallah ta yi ta zuwa tana wucewa. Kaka ba ta koma ba, a Ankara muka binne ta. Da aka kwance ƙullin, zane biyu ne kawai da ɗan ƙoƙo. Gaɓar da Kawu ya yi tonon ma yanzu babu ita, manyan motoci sun kwashe yashin an yi bulo. Masunta sun ce kififiya ta daina hawowa nan.

Sai da na yi furfura na ɗauki ƙoƙon na nufi Gobir. Wani tsoho ya raka ni garin su Kaka, ya nuna mini kufai, kuka guda da rijiyar da ta rufta. Ya ce yunwa ta watsa garin tun yana yaro, kuma babu zangon da fatake ba su kai labarin ba.

Ashe ta sani. Duk shekarun da nake tsoron ta tafi ta bar ni, ita ba ta da inda za ta. Na zauna gindin kukar na yi kuka irin na yara, don na gane wadda na yi wa tambayar nan a bakin wuta. Na haƙa rami da hannuna, na sa ƙoƙon, na rufe. Na ce, "Kaka, kin iso."