Kwamfutar da Ta Taso da Ƙanena Daga Runka

Ƙanena ne ya sa wa tsohuwar kwamfutar gidanmu wani tsarin sarrafa kwamfuta na kyauta, wanda ya ce masana na ƙasashe daban-daban suka haɗu suka ƙera, ba na kamfanin kowa ba. A ciki ya adana karatun tafsirin da Baba ya yi kafin ya rasu. Duk Juma'a bayan la'asar nakan kunna wa Inna, ta zauna a tabarma tana jin muryar mijinta.

Daga baya aka tura shi koyarwa Runka. Mu muna Batsari, kuma kowa ya san abin da 'yan bindiga ke yi wa mutane a hanyar nan. Mun yi da shi kada ya zo sai dole.

Wata Juma'a na kunna, sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Farin rubutun Turanci kawai, da wani ɗan layi yana ƙyaftawa. Babu hoto, babu inda zan danna. Na kai wa masu gyara a kasuwa, kowa ya leƙa sai ya girgiza kai.

"Malam, wannan ba irin tamu ba ce," in ji ɗayansu. "Sai dai a goge komai a sa tsarin da aka sani."

A goge muryar Baba? Na ɗauke kayana. Wallahi raina ya ɓaci da mutanen da suka ƙera abin nan. Kun ce na kowa ne, to don me ba zai yi magana yadda kowa zai gane ba? Haba!

Lokacin babu sabis, waya ba ta shiga. Na ce wa Inna mu yi haƙuri har hutu. Ashe ba ta haƙura ba. Ta aiki wani direban a-kori-kura mai zuwa Runka, ya gaya wa ƙanena kwamfuta ta mutu, ya zo.

Ni ban sani ba sai da direban ya dawo yana tambaya ko ya iso.

"Wa?" na ce.

"Ƙanenka mana. Tun azahar ya hau babur, ya riga ni tasowa. Ya ce aikin 'yan mintoci ne."

Na tsaya a ƙofar gida, duk babur ɗin da ya ɓullo sai in miƙe wuya. Rana ta yi ja, aka kira magariba, babura suka daina wucewa.

Na shiga ciki na tarar Inna zaune gaban kwamfutar, ko alwala ba ta yi ba.

"Fitar min da ita daga ɗakin nan," ta ce. "Ba na son jin komai. Ɗana nake so."